Basfar da ke jingine a zaure

Duk wanda ya tashi a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya san ƙarfen Italiya ba baƙonmu ba ne. Kamfanin Impresit, reshen Fiat a lokacin, shi ya gina madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978, kuma a wancan zamanin Basfa, wadda Piaggio ya fara ƙerawa a 1946, ita ce abin hawan malamin makaranta da alhajin kasuwa. To, ina waɗannan babura suke yau? Kwanan baya na tarar da wata jingine a zaure, kaji sun mai da matakar ƙafarta wurin kwana, kujera ta yage har soso ya leƙo, amma lambar injinta na nan raɗau. Magada na jiran 'yan gwangwan su auna ta a kilo. Wallahi abin ya sosa mini rai. A Turai, in aka sami tsohuwar motar Alfa Romeo Spider ta 1966, mai rufin da ake naɗewa, kafin a taɓa fenti sai an bi diddigin kowane hannun da ta ratsa, kuma takardun tarihinta kan ƙara mata daraja. Makanikai ba mu rasa ba. Akwai dattawan da za su wanke kafireto, su canza fulogi, Basfar ta tashi. Rubutu muka rasa: wa ya saye ta, a wace shekara, majinyaci nawa ta kai asibiti da tsakar dare. Dattijuwar gidan tana tune da duk wannan, kuma har yanzu ba wanda ya zauna gabanta da biro.