Kalmar "deist" ba ta nufin mumini



Akwai wata kalmar Turanci da wasu 'ya'yanmu 'yan boko suka fara yafawa kamar sabuwar riga, wato "deist", masu karatun Faransanci kuma su ce "déiste". In an tambaye su sai su ce ai asalinta "deus" ne, wato Ubangiji a harshen Latin, don haka fassararta mumini. Wannan hujja ba ta da ƙafa, domin kama da wane ba ta wane.

Gaskiya ne daga "deus" ta fito. Amma ba a gane kalma da saiwarta kaɗai, sai an duba waɗanda aka raɗa wa ita da abin da suka ƙudurce. A shekarar 1564 wani malamin Kirista ɗan Suwizalan, Pierre Viret, ya rubuta ta yana nufin mutanen da suka yarda akwai Mahalicci amma suka ɗauki koyarwar Linjila tatsuniya. A Ingila, Matthew Tindal ya wallafa littafi a 1730 yana cewa addinin gaskiya tun farkon halitta yake, kuma hankali ya isa ya gano shi. A 1794 Thomas Paine ya fito fili ya yi watsi da littattafan wahayi. To ina mumini a nan, alhali imani da manzanni da littattafai yana cikin shika-shikan imani?

Wannan ra'ayi ma ba baƙo ba ne ga malamanmu. Shaharastani, wanda ya rasu a 548 bayan Hijira, ya ambaci Barahima a cikin Al-Milal wan-Nihal, masu tabbatar da Mahalicci suna musun annabci, suna cewa hankali ya wadatar.

Haka kuma, dattijon da ya ji kalmar ya ce mulhidi ne mai musun samuwar Allah, shi ma ya kauce. Yaron da ke shakkar annabci, in ka tsaya kana kawo masa dalilan samuwar Mahalicci, ka ba shi maganin ciwon da ba ya yi, kuma daga ranar ba zai ƙara sauraronka ba.

Saboda haka, yaro, kafin ka liƙa wa kanka wannan suna a Facebook, ka san abin da ka amsa. Iyaye da malamai, mu san kalmar kafin mu yanke hukunci. Allah ya sa mu gane.