KARATUN LIKITA KO KARATUN A GANI A FAƊA?

Yau maganar da zan yi tana da ɗaci, kuma na san wasu za su ji haushina, to amma gara a faɗe ta tun kafin wani gidan ya sake rushewa kamar yadda na ga na yayata ya rushe a kan idona.

'Yar yayata yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, tun tana firamare take cewa ita likita za ta zama. Ta ci jarrabawar JAMB, Allah Ya taimake ta aka ba ta gurbin karatun likita a wata jami'ar gwamnatin tarayya a nan Arewa, gurbin da dubban yara ke nema da kuka ba su samu ba. Maimakon a yi hamdala, sai yayata ta ce ita 'yarta ƙasar waje za ta, domin kuwa 'yar kishiyarta tana can, kuma duk bikin da aka je sai an yi mata gorin haka. Na ce, "Yaya, ki duba fa, karatun likita shekara 6 ne, kuma da dala ake biya." Ta ce, "Ke dai ba kya son ci gaba, kin fi so ta tsufa a gida ana yajin aiki." Aka sayar da gidan gadonta, aka haɗa da sarƙoƙin gwal, aka yi walima, aka raka yarinya filin jirgi ana ta hotuna.

Da aka tashi lissafi, an yi shi ne a kan farashin dala na lokacin. To a watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Wato duk dala 1,000 da za ki saya a kan naira 460,000 ta koma fiye da miliyan ɗaya da rabi. Kuɗin da aka ce zai kai shekara 6 a shekara ta 3 ya ƙare ƙarƙaf. Makaranta ta hana yarinya shiga jarrabawa, ta dawo gida da akwati, ba takarda, ba gida, gurbin nan na farko kuwa tuni an ba wata. Ƙannenta 2 aka cire daga makarantar kuɗi. Yau ga ta nan tana shirin sake rubuta JAMB tare da sa'annin ƙanwarta. Kowa ya hau motar kwaɗayi, ai mun san tashar da zai sauka.

Ni tambayata ita ce, wai don wa ake karatun nan? Don yarinya ta iya duba mara lafiya, ko don uwa ta samu abin faɗa a gidan suna? Ya ke 'yar uwata, ranar da naƙuda ta kama ki cikin dare kika je asibiti, kin taɓa cewa likita ta nuno miki takardar jami'arta kafin ta taɓa ki? Wallahi abin da kike nema mai hannu da tausayi, shi ke nan.

Kuma bari in faɗa miki abin da dillalan makarantu ba sa son faɗa. Duk wanda ya karanto likitanci a waje, ba ya taɓa mara lafiya a ƙasar nan sai ya zauna jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN ya ci, kuma akwai masu maimaita ta. Bayan nan ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ya yi bautar ƙasa, daidai da wanda ya gama a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Albashinsu ɗaya, farar rigarsu ɗaya. Ga shi wanda ya yi karatu a gida tun yana ɗalibi yake ganin zazzaɓin cizon sauro da sikila da jijjigar masu ciki, da yaren da majinyata ke yi, wato cututtukan da zai yi ta fama da su har ya tsufa.

Hatta a Amurka da muke ganin kamar kuɗi a titi ake tsinta, masu hankalinsu lissafi suke yi. A can galibi ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai yaro ya yi digirin farko na shekara 4 a matsayin share fage, ya zauna jarrabawar MCAT, sannan in an ɗauke shi ya yi wasu shekara 4. Da yawa suna gamawa da bashin kusan dala 200,000 a wuya. Shi ya sa iyaye da dama ke kai 'ya'yansu jami'ar jiha mai sauƙi su yi share fagen, su ajiye ƙarfinsu don gaba, tunda makin yaro ne kan gaba a abin da ake dubawa. Su da suke buga dalar suna tattalinta, mu da muke saye a hannun 'yan canji mu ne masu facaka?

Na san za a ce mini yajin aiki fa? Gaskiya ne, a 2022 malaman jami'a sun yi wata 8 ba karatu, kuma abin ya yi ciwo. To amma wata 8 da asarar shekara 3 da gida, wanne ya fi? Waje ma ba aljanna ba ce. Mun ga yaranmu sun gudo daga Yukren a 2022, mun ga waɗanda aka kwaso daga Sudan a 2023 suka kwana a kan iyaka. Ba wanda ya ja wannan, ƙaddara ce, amma ta nuna mana ba inda babu tsaiko.

Ban ce kowa ya zauna a gida ba. Wadda mijinta ke da halin biyan shekara 6 ba tare da an taɓa muhalli ba, ko wadda 'yarta ta samu tallafin karatu cikakke, Allah Ya ba da sa'a, ta tafi. Faɗana da mai ƙaramin ƙarfi ne da ke son gogayya da mai babba. Kafin ki cire ɗan kunnenki, ki zauna da maigida ku lissafa shekarun duka, da abinci da haya da kuɗin jirgi, ku tambayi kanku in dala ta ninka za ku iya? Ku bincika ko hukumar likitoci ta amince da makarantar. Ku tuna da sauran yaran gidan, su ma 'ya'ya ne. Ku kuma sani tun 2024 akwai rancen ɗalibai na NELFUND marar ruwa ga 'yan makarantun gwamnati.

Ke kuma budurwa, kada hoton ƙawarki a cikin dusar ƙanƙara ya sa ki tayar wa mahaifiyarki hankali. Ki karɓi gurbin da Allah Ya ba ki, ki riƙe littafinki, in kin zama likita ƙasashen wajen da kansu za su neme ki.

Yayata har yau a gidan haya take, kishiyar da aka yi dominta kuwa ko sannu ba ta zo ta yi ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya shirya mana zuri'a, amin. Wassalam.