Yaron Birni da Yaron Ƙauye a Wasan Kwaikwayon Telebijin

Tun daga 1982 da aka buɗe gidan telebijin na CTV 67 a Kano, wanda yanzu ake kira ARTV, wasan kwaikwayon Hausa ya fi karkata ga manya. In ma an fito da baƙauye, galibi bagidaje ake mayar da shi, abin dariya. Yaron birnin da ya tashi yana kallon haka, da wuya ya ga mutuncin garin kakanninsa.

Maganin wannan kuwa shi ne a shirya wa yara wasansu na mako-mako, a kafa shi a kudancin Kano. Alal misali, yara biyu daga Fagge su je hutu Kiru, su ƙulla abota da ɗan manomi. Ya kai su ƙasar Bebeji su ga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako. Su ratsa Tudun Wada, su ɓata a dajin Falgore, su ɓulla Riruwai ta Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza.

Amma da sharaɗi guda: yaron ƙauyen ne zai zama ja-gaba. Shi ya san sawun dabba, ya san 'ya'yan itacen da ake ci, ya san hadarin da zai zubar da ruwa. Su kuma su taimaka da karatun taswira, kowa ya buƙaci ɗan'uwansa.

Rubuta irin wannan wasa nauyi ne a kan ɗaliban wannan sashe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.