Kufan Turunku na bakin ƙofar Kaduna, amma an bar shi ga ciyawa

A ƙasar Peru, mutane kan yi tafiyar kwana 4 a ƙasa, kimanin kilomita 42 cikin tsaunuka, don kawai su ga kufan Machu Picchu, birnin da daular Inka ta gina a ƙarni na 15. Hukumomin ƙasar sun ƙayyade mutum 500 a rana a kan hanyar, ciki har da 'yan dako da masu yi wa baƙi jagora. Duk watan Fabrairu kuma a rufe take saboda gyara. Wannan tsari ne ya sa hanyar ba ta lalace ba, kuma take ciyar da iyalai masu yawa.

Matashin Kawo ko Unguwar Rimi zai ga hotunan wurin a waya ya yi ta sha'awa, alhali a maƙwabciyarsa, ƙaramar hukumar Igabi, akwai duwatsun Turunku da tsohon kufansu. Tarihin Zazzau ya nuna a nan Bakwa Turunku ta zauna kafin sarauta ta koma gindin dutsen Kufena a Zariya a ƙarni na 16. Ita ce ake cewa ta haifi Sarauniya Amina. Amma ɗalibai nawa ne a makarantun Kaduna suka taɓa taka wurin?

Za a ce matsalar tsaro ce, kuma gaskiya ne babu uban da zai tura ɗansa daji cikin fargaba. Sai dai sakacin ya girmi 'yan bindiga. Kufai kuwa ba ya jiran zaman lafiya: ruwan sama, gonaki da masu fasa dutse na iya cinye shi kafin a farga.

Abin yi bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ba. A shata iyakar wurin, a share hanyar hawa, a horar da matasan garin su zama jagorori, Gidan Arewa kuma ya taimaka wajen tattara tarihin daga bakin dattawa. Sukur da ke Adamawa ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1999 ne saboda mutanenta sun riƙe hanyoyinsu na dutse da gadon kakanninsu.

Sai mai kaya ya daraja kayansa kafin baƙo ya taya.