Ƙasarmu Ma Tana Jin Yunwa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani, da zarar ya kai Kura zai ga gonaki kore shar, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da albasa. Wannan alheri ya samu ne daga Madatsar Ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ba mu da ja a kan amfanin wannan aiki, domin da yawanmu da kuɗin tumatir ake biya mana kuɗin makaranta. Amma akwai bashin da aka ci a wurin ƙasa, kuma har yau ba a biya ba.

Kafin ruwa ya gudana a fili, tilas a daidaita filin. Saboda haka katafila ta tumɓuke ɗorawa da tsamiya da gawo da kanya, ta kankare tudu ta cike kwari. Itatuwan kowa ya ga faɗuwarsu. Abin da ido bai gani ba shi ne baƙar ƙasar sama, wadda ita ce ke ɗauke da abincin shuka.

Ina wannan baƙar ƙasa take samuwa? Itace yana tura saiwarsa can ƙasa inda saiwar dawa ba ta kaiwa, ya jawo abinci, ya kai shi ganye. Ganyen ya zuba, gara da tana da wasu ƙananan halittu su ruɓar da shi. Wannan ruɓaɓɓen abu shi ne yake haɗa yashi da laka su zama 'yan dunƙule-dunƙule, su bar ƙofofin da ruwa da iska za su shiga. Idan aka sare itacen, ganye ya daina zuba, alhali kuwa zafin ƙasarmu yana ci gaba da cinye ɗan abin da ya rage cikin gaggawa. Sai dunƙulen su wargaje. Ruwan sama ya bugi ƙasa tsirara, samanta ya daskare kamar daɓe, tarakta kuma ta bi ta danne ta. Ka ga fako ya fara ke nan. A gonar rani abin ya fi muni, domin ruwan da ya kasa nutsewa kwanciya yake yi, rana ta shanye shi, ya bar farin gishiri a kan kunya.

Wasu za su ce ai ga takin zamani. Gaskiya ne Yuriya da Kamfa suna ciyar da shuka, amma ba sa gyara jikin ƙasa. Zuba su a ƙasar da ta rasa ruɓaɓɓen ganye kamar zuba ruwa ne a kwando, ban ruwa biyu ko uku ya wanke wani kaso. Shi ya sa manomi yake ƙara buhu a kan buhu, yana mamakin yadda amfani bai ƙaru ba. Abin takaici, bayan girbi kuma sai mu cinna wa ragowar shinkafa wuta, wato ɗan abin da ƙasa za ta lasa mu mai da shi hayaƙi.

Manoma suna da hujja idan sun ce inuwa tana hana shinkafa yi, kuma itace masaukin jan-baki ne. Haka nan saiwa tana fasa simintin magudanar ruwa. To, ba cewa muka yi a mai da Kadawa daji ba. Akwai bakin hanyoyi, da iyakokin gonaki, da gonakin tudu na Bunkure waɗanda ruwan Tiga bai kai gare su ba. Gawo kuwa da damina yake kaɗe ganyensa, bai tare wa gero rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Maƙwabtanmu na Maraɗi tun wajen 1983 suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a ƙone kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a raine shi. Da wannan dabara miliyoyin itatuwa suka dawo gonakin kudancin Nijar, ba tare da an sayi dashe ba.

Muna kuma kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da Gwamnatin Jihar Kano su sa ido a kan masu saran itace da yin gawayi a Dajin Falgore. Ta can Kogin Kano yake biyowa kafin ya shiga Tiga, kuma duk ƙasar da ruwa ya kwaso daga inda aka sare, a cikin madatsar take kwanciya, tana rage ruwan da za a sako wa Kura da Bunkure da Garun Malam da rani.