Daga Kirinjijiya zuwa "Agwagwar Ruwa": Asarar Sunayen Tsuntsaye a Hausa

Duk wanda ya ratsa wajen masu kaji a Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ake kira Kasuwar Shaikh Abubakar Gumi, zai ji yadda Bahaushe ke rarrabe tsuntsun gida dalla-dalla: wannan zakara ne, wannan sagara, ga zabo, ga tantabara, ga toron agwagwa. Amma da zarar an gangara bakin Kogin Kaduna aka nuna wa matashi tsuntsun da ke iyo, galibi amsa ɗaya ce, wato "agwagwar ruwa". Wannan dunƙulewar suna asara ce ga harshe, kuma masana Hausa ne ya kamata su fara damuwa da ita.

Hausa ba ta rasa sunaye ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana sunayen tsuntsaye masu yawa da aka ji daga bakin mutane. Akwai kirinjijiya, mai farar fuska da baƙin ƙeya, wadda ake gane garkenta da fito mai gaɓa uku tun kafin a hango shi. Akwai dinya, babba mai baƙi da fari da jan baki, wadda ke da tsini a gaɓar fiffikenta. Maharbi ko masunci da ya san waɗannan ba ya rikita su, domin kowace da kukanta, da irin tashinta, da inda take kiwo. Ita kuwa agwagwar da ake sayarwa a kasuwa baƙuwa ce, asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, amma ga shi sunanta na neman haɗiye na 'yan gida.

Matsalar ta fi tsanani a kan baƙin agwagin da ke zuwa cin rani. Kowace shekara, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, ƙananan agwagi kan baro Turai da Rasha su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, inda tafkin Nguru ya shiga jerin wuraren Ramsar a shekarar 2000, da kuma mafakar tsuntsaye ta Dagona a Jihar Yobe. Cikinsu akwai wadda namijinta ke da farin zane a saman ido, akwai mai dogon wuya da wutsiya mai tsini. Ɗalibin Hausa da ke son bayyana su yakan koma ga littafin Turanci, sa'annan ya fassaro suna kai tsaye. Ta haka ake shigo da sunayen tsuntsayen da ba sa zuwa ƙasar Hausa, irin agwagwar nan mai baki kamar zarto ta ƙasashen sanyi, alhali ba a tambayi mutanen bakin fadama yadda suke kiran waɗanda suke gani ba.

Wasu na iya cewa sunayen gargajiya ba su da tsari: abin da Bakano ya kira da wani suna, Basakkwace ya kira shi da wani, kuma suna ɗaya kan rufe jinsi biyu. Gaskiya ne, sai dai wannan bambancin shi ne ainihin abin nazari ga mai binciken karin harshe. Abin da ya rage shi ne a haɗa kowane suna da tsuntsunsa ta hanyar da ba ta barin shakka, aikin da masanin harshe shi kaɗai ba zai iya ba.

Hanyar a buɗe take. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana da masana da ke ƙidayar tsuntsayen Nijeriya. Sassan nazarin Hausa na Zariya da Kano da Sakkwato da Kaduna kuwa suna da ɗalibai masu neman batun kundi. Idan aka haɗa su, aka tafi da hotuna da sautin kukan tsuntsaye wurin maharba da masunta da dattawan masu kaji, za a sami jerin sunaye ingantacce, mai nuna gari da kari, wanda sabon bugu na Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero zai amfana da shi.

Jinkiri ne abin tsoro. Fadamu na ƙanƙancewa saboda madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa, farauta na raguwa, dattawan da suka san sunayen kuma suna ƙarewa. Wajibi ne a rubuta abin da ke bakinsu tun suna raye.