Manomi Ya San Gawo, Doka Ce Ta Makara

Duk lokacin da aka tayar da zancen noma mai ɗorewa a jahar Maraɗi, sai masu ofis su ce wai manomi na bukatar wayar da kai. A tura samari da takardun tambayoyi ƙauyukan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, su ƙidayo wa ya sani, wa ya yarda, wa ya aikata. Tambaya mai nauyin kuwa ba a cika yin ta ba: icen da ke tsaye cikin gonar, na wane ne?

Tun dokar daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, gawo da ire-irensa suna ƙarƙashin ikon hukuma. Manomin da ya sare reshe a gonar gadonsa yakan sha tara a hannun ma'aikatan daji. To, wane mai hankali zai reni abin da zai ja masa tara? Sai ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, ya huta. Da gonaki suka zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, aka ɗora laifin kan jahilcin talaka.

A 1984, zamanin Seyni Kunce, an yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi, aka duƙufa dashen itatuwa, akasarinsu ba su rayu ba. A shekarun ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM, ya lura kututturan da ake sassabewa kowace bazara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. A zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi na kalgo ko sabara, a rage sauran, a kare su: sassabin zamani ke nan. Lokacin yunwa an ba da abinci ga masu yin sa; da abincin ya ƙare, da yawa suka koma wa gatari. Waɗanda suka daure suka samu itacen girki, abincin dabbobi da taki ba da ko dala ba, maƙwabta suka gani da idonsu. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agiye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, har da mata da makiyaya a ciki, da tallafin furojen FIDA. Masana sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace miliyan 200 da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar.

Hukuma fa? Sabuwar dokar daji sai 2004, ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan icen da ya rena kuma sai Yulin 2020. Manoma sun riga takarda da shekara fiye da talatin.

Inda gizo ke saƙar yau shi ne mallakar ƙasa. Gonaki sun tsuke saboda rabon gado. Mai noman aro ko jingina ba zai reni gawon da wani zai ci moriyarsa ba, haka macen da ake iya karɓe gamanarta baɗi. A wasu ƙauyukan Gidan Rumji na bakin iyaka, inda hare-haren ƴan bindiga suka tsananta daga 2019, zuwa gonar ma ya zama kasada. Kwamitocin kula da ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada su ya kamata a ba kuɗi da kayan aiki, su rubuta yarjejeniyar aro da jingina, har da makomar itatuwan da ke cikin gonar.